Amsa: Wane usur na baki ya dace da farautar talotalo?

Ɗan'uwa, ka ce kana shirin fita farautar talotalon daji a Amurka cikin Afrilu, kana neman usur ɗin da ake maƙalawa a ganɗa. Fara da mai roba biyu sirara (su ne ke kaɗawa su ba da sauti in ka hura iska), wanda ba a tsaga ba. Iska kaɗan yake buƙata, kukan macen kuma ya fito tas, shi ne ke janyo namijin a lokacin barbara. Masu roba uku da tsaga irin ta harafin V suna ba da murya mai kaushi kamar ta tsohuwar macen talotalo, amma sai harshe ya goge.

Girman ƙarfen da ke riƙe robobin ya fi sunan kamfani muhimmanci, Primos ne ko Woodhaven. In ganɗarka matsattsiya ce, nemi ƙarami. In tef ɗin da ke kewaye da ƙarfen yana sa ka yunƙurin amai, rage shi da almakashi kaɗan-kaɗan, don in ka wuce gona da iri iska za ta riƙa zurarewa.

Bayan amfani ka ɗauraye shi, ka raba robobin da tsinken sakace, ka ajiye a firji. Zafin mota yana lalata robar.