Amsa ga ɗan'uwan da kwamfutarsa ta ƙi tashi bayan ya ƙara mata gudu

Ɗan'uwa, na ga tambayarka. Ka ce ka shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka ɗaga gudun firosesa, ka kunna XMP mai ƙara wa RAM gudu, ka adana, tun daga nan fankoki na juyawa amma allo baƙi ƙirin. Kwantar da hankalinka, da wuya a ce wani abu ya ƙone. Galibi bod ɗin ne, wato babban farantin da ake jona komai a kansa, ya riƙe saitin da ba zai iya tashi da shi ba, kullum ka kunna sai ya sake gwada shi ya faɗi. Aikinka shi ne ka sa ya manta, ta hanyar cire batirinsa.

Kashe makunnin da ke bayan akwatin wutar, ka zare kebul daga soket, sannan ka danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 15 don ragowar wutar da ke ciki ta tsiyaye. Kada ka tsallake wannan. Ni a karona na farko na cire batirin bod alhali kebul na jone, na mayar, ba abin da ya canza, har na fara lissafin sayen sabon firosesa. Ashe wutar da ke shigowa ta kebul ce ta ci gaba da riƙe saitin. Batirin shi ne ɗan zagayayyen nan mai kama da kwabo, CR2032, bolt 3. A wasu bod yana ɓoye ƙarƙashin katin hoto, sai ka cire katin kafin ka gan shi. Tura ɗan ƙarfen da ke riƙe shi da farce zai ɗago da kansa. Bar shi a waje minti biyar. In kuma ka ga filoli biyu da aka rubuta CLR_CMOS, CLRTC ko JBAT1 a gefensu, haɗa su da bakin sukurudireba na daƙiƙa 10 ya wadatar, amma fa ba wuta.

Da ka kunna, ba ta lokaci. Bod na zamani, musamman masu DDR5, sukan ɗauki mintuna suna daidaita kansu da RAM a tashin farko, wani lokaci su mutu su sake tashi sau biyu ko uku. Mutane da yawa a nan suke katse ta su ce ta lalace.

In har yanzu shiru, duba gefen bod ɗin kusa da babban kebul mai fil 24. Da yawansu suna da ƙananan fitilu huɗu: CPU (firosesa), DRAM (RAM), VGA (katin hoto), BOOT (faifai). Wadda ta tsaya a kunne, nan aka maƙale. Kuma in za a tambaye ni, zargina ya fi karkata ga RAM, ba firosesa ba. Mutane ba sa ɗaukar XMP a matsayin ƙarin gudu saboda dannawa ɗaya ce, alhali shi ne. DDR4 da ke tashi a 2133 da bolt 1.2, XMP kan kai shi 3200 da bolt 1.35, kuma ba kowane firosesa ne ke jure wannan ba, balle in ramuka huɗun duk a cike suke. Ka cire RAM ɗin duka, ka bar guda ɗaya a rami na biyu daga firosesa, wanda ake rubuta wa A2. Danna shi har ka ji ƙas. In bai tashi ba, gwada ɗayan. Tunda hannunka na ciki, taɓa kebul mai fil 8 na saman bod ka tabbatar ya zauna daram, ka kuma duba cewa wayar allo a katin hoto take, ba a bod ba.

Akwai wani tarko bayan ta tashi. Share CMOS, wato goge saitin da ka yi da cire batiri ko haɗa filoli, yana mayar da komai yadda ya fito daga kamfani, har da abubuwan da ba ruwansu da gudu. Idan an sa maka Windows da saitin faifai a yanayin RAID sai ya koma AHCI, ko tsarin faifan da za a fara tashi da shi ya sauya, za ka ga ta ce ba ta ga faifai ba, ko ta kawo shuɗin allo. Fayilolinka na nan, saitin kawai za ka mayar. In kuma kana da BitLocker, makullin faifai na Windows, tana iya neman lambar ceto mai lambobi 48, don haka nemo ta a asusunka na Microsoft tun kafin ka fara.

Wanda tasa ke wuce BIOS lafiya sai an shiga Windows take mutuwa, wannan daban ne. Yawanci manhaja irin MSI Afterburner ce aka ce ta ɗora saitinta da zarar an tashi. Shiga ta Safe Mode, inda Windows ke tashi ba tare da irin waɗannan manhajoji ba, ka cire ta.

Kuskuren da na gani a bayaninka shi ne ka canza abu biyu lokaci guda, yanzu ba ka san wanne ya kayar da kai ba. In za ka sake, fara da XMP shi kaɗai, ka bar MemTest86, manhajar gwajin RAM, ya zagaya sau huɗu. Ya wuce ba kuskure, sai ka koma kan firosesa, megahaz 100 kowane mataki, kana gwadawa da manhajar gwaji irin Prime95 ko OCCT, idonka na kan zafi. Ka riƙa rubuta kowane saiti a takarda. Bolt kuwa kada ka kwafo na wani, don ko firosesa iri ɗaya ne ba ƙarfinsu ɗaya ba, kuma shi ne abin da ke ƙona kaya da gaske. A 2023 an samu wasu firosesa na AMD, Ryzen 7000X3D, sun ƙone saboda yawan bolt ɗin wani sashensu da ake kira SoC, har AMD ta ƙayyade shi a 1.3 ta hanyar sabunta BIOS.

Idan ka yi duk wannan fitilar CPU ta ƙi mutuwa, rubuto mana sunan bod ɗin da firosesan da kuma bolt nawa ka sa. In bod ɗin yana da maɓallin BIOS Flashback a baya, akwai sauran dabara ta sake ɗora BIOS da filashi ba tare da allo ya kawo ba.