Tambaya da Amsa: Zama da Cin Abinci a Tsakar Gida

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na kammala ginin gidana bara, na bar fili a tsakiya mai tsawon mita 6 da faɗin mita 5, da nufin mu riƙa zama da iyali muna cin abincin dare a waje kamar yadda muka taso muka tarar a gidan mahaifinmu. Na malale filin duka da siminti, amma yanzu zafi ne yake tasowa daga ƙasa tun daga la'asar har bayan sallar isha'i, idan damina ta sauka kuma sauro ya kore mu zuwa ɗaki. Magini ya ba ni shawarar in rufe filin da kwano in shimfiɗa tayil. Shin in bi shawararsa?
Daga wani magidanci a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Shawarata ita ce kada ka rufe filin duka da kwano, domin idan ka yi haka ka rabu da tsakar gida ke nan, abin da zai rage maka shi ne ƙarin ɗaki mai zafi, sannan ɗakunan da tagoginsu suke kallon filin za su rasa haske da iskar da suke samu ta wurin.

Zafin da yake damunka da dare na rana ne da simintin ya yini yana sha. A watannin Maris, Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi yake wuce digiri 40 a garuruwa irin su Gusau, Sakkwato da Maiduguri, siminti da bulo suna tara zafi tun daga hantsi, sai rana ta faɗi su fara amayar da shi sannu a hankali. Abin da yake taimaka musu su huce shi ne buɗaɗɗen sararin samaniya, kuma wannan ne dalilin da ya sa mutane suke fitar da shimfiɗa waje ko su hau saman soro su kwana a lokacin bazara. Kwano kuwa yana yin zafi da rana ya turo hucinsa ƙasa, da dare kuma ya tare hanyar da zafin ƙasan zai bi ya fita. Saboda haka aikin da ke gabanka shi ne ka hana rana dukan wurin da za ku zauna, ka kuma bar wani sashe na filin a buɗe.

Rumfar da ta rufe kashi ɗaya bisa uku na filin, ko rabinsa idan iyalin suna da yawa, ta wadatar. Inda za a kafa ta ya fi abin da za a yi ta da shi muhimmanci. Ka tsaya a filin da misalin ƙarfe huɗu na yamma ka duba inda inuwa take: za ka tarar da ita a gindin bangon yamma, yayin da bangon gabas yake shan rana kai tsaye, kuma shi ne zai riƙa feso zafi bayan magariba. Don haka wurin zama ya fi dacewa a jikin bangon yamma. Sai dai akwai abin lura, domin a ƙasar Hausa hadari daga gabas yake tasowa, iskarsa kuma takan koro ruwa cikin duk rumfar da bakinta yake fuskantar gabas, shi ya sa maginan gargajiya suke ƙara kula da yaɓen bangon da ke wannan ɓangare. Maganin wannan shi ne a tsawaita bakin rufin, a kuma rataya asabari wanda za a sauke idan hadari ya taso, a naɗe shi idan gari ya washe. Asabarin nan zai sake yin amfani da hunturu, tun da iskarsa mai ƙura daga arewa maso gabas take kaɗowa.

Tsayin rumfar kada ya gaza mita 3. Idan da kwano za ka rufa saboda ruwan sama, a shimfiɗa zana ko sili a ƙarƙashinsa, a bar tazara tsakaninsu yadda iska za ta riƙa ratsawa. Rumfar zana zalla ta fi sanyi nesa ba kusa ba, amma tana yoyo, kuma sai ana sabunta ta. Ginshiƙai kuwa, azarar giginya ba ta jin tsoron gara, idan ba ta samu ba a yi amfani da bututun ƙarfe a shafa masa fenti.

Babu rumfar da ta kai bishiya sanyi, domin ganye yana fitar da danshi ban da inuwar da yake bayarwa, sai dai filinka ƙarami ne, ba kowace bishiya zai ɗauka ba. Ceɗiya da durumi suna da inuwa mai daɗi, amma saiwoyinsu suna bin danshi har su tsaga daɓe, su kutsa cikin ramin masai ko ƙarƙashin harsashin gini. Darbejiya, wadda asalinta daga yankin Indiya take, aka kuma fara dasa ta a lardin Borno a wajajen 1928, tana jure fari kuma tana saurin girma, amma wurinta shi ne bayan katanga ta yamma idan akwai sarari, inda za ta tare wa gidan ranar la'asar tun kafin ta iso. A cikin filin kansa lemun tsami, gwaiba ko rumman sun fi dacewa, ko kuma a dasa inabi a ɗora shi bisa rumfa. Mangwaron dashe ma yana yiwuwa, illa dai ban cika son sa a daidai kan wurin cin abinci ba, saboda idan ya nuna ƙuda da rana, jemage da dare, kuma kowa ya san abin da jemage yake bari a kan tabarma. Kowace ka zaɓa, sai an fasa simintin an buɗe mata ƙasa aƙalla mita ɗaya ta kowace fuska.

Game da tayil, mai santsi haɗari ne a wurin da ruwa yake sauka, musamman ga tsofaffi da ƙananan yara. Idan ya zama dole, a nemi mai kaushi kuma mai haske, domin launi mai duhu ya fi ɗaukar zafi. Iyayenmu daɓe suke yi: a zuba jar ƙasa da tsakuwa, mata su taru da madaɓai suna bugawa suna waƙa, a riƙa yayyafa ruwan makuba da aka jiƙa daga ɓawon ɗorawa har ƙasa ta yi ƙarfi ta yi duhun ja. Irin wannan daɓe ba ya ƙona tafin ƙafa kamar siminti, kuma idan aka yayyafa masa ruwa da yamma sai sanyi da ƙamshin ƙasa su tashi tare. Masu iya shi sun yi ƙaranci a birane, amma yayyafa ruwan yana aiki ko a kan siminti a lokacin rani, idan aka yi shi kamar sa'a ɗaya kafin a shimfiɗa tabarma. Abin da ba a sassauci a kansa shi ne gangara: ƙasan filin ta riƙa sauka da santimita 1 zuwa 2 a kowace mita zuwa bakin rariya, yadda ruwa ba zai kwana ba.

Wannan ya kawo mu batun sauro, kuma ba ƙaramin batu ba ne, tun da rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya suna nuna cewa Nijeriya kaɗai tana ɗauke da kimanin kashi ɗaya bisa huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya. Sauro a ruwa mai tsayuwa yake ƙyanƙyasa, kuma a yanayi mai ɗumi mako ɗaya zuwa biyu ya ishe shi daga ƙwai zuwa tashi. Don haka a ware rana ɗaya a kowane mako a zagaya gida: a kife tsofaffin gwangwanaye da tayoyi, a zubar da ruwan da ya taru a ƙarƙashin tukwanen furanni, a rufe randa da duro, a cike ramukan da ke ƙofar gida, a yashe kwata. Sauro ba shi da ƙarfin tashi a cikin iska, saboda haka fanka mai tsayuwa, ko da mai caji ce, idan aka saita ta ƙasa-ƙasa wajen ƙafafu tana rage cizo sosai. Igiyar leƙo a kunna ta nesa da abinci, a gefen da iska take fitowa. Duk da haka, daga Yuli zuwa Oktoba ya fi kyau a ci abinci da wuri, da zarar an idar da magariba, sannan yara ƙanana da masu juna biyu su shige gidan sauro, domin sauron da ke yaɗa zazzaɓi tsakanin faɗuwar rana da fitowarta yake cizo. Doguwar hirar dare a bar ta sai kaka ta wuce. Fitila kuma kada a rataye ta daidai kan akushi. A sa ta a bango can gefe, in ba haka ba daren da shinge ya fito bayan ruwan farko, da shi za a ci tuwo.

TAMBAYA: Mu a tsakar gida muke cin abinci safe da dare, amma ƙuda da ƙurar hunturu suna damuna, kuma wutar lantarki ba ta tsayawa balle in dogara da firji. Yaya zan kiyaye abincin iyalina?
Daga wata uwargida a Maraɗi.

AMSA: Hajiya, ƙa'idar da masana lafiya suke bayarwa ita ce kada dafaffen abinci ya wuce sa'a biyu a ajiye a waje, domin ƙwayoyin cuta sun fi yaɗuwa tsakanin digiri 5 da digiri 60, kuma zafin tsakar gidanmu yana cikin wannan tazara. Miyar da aka sa wa nama ko kifi, da dafaffiyar shinkafa, da duk abin da aka haɗa da madara sun fi saurin lalacewa. A zuba wa kowa daidai cikinsa, sauran ya zauna a tukunya ko a kula a rufe, idan kuma za a ci ɗumame da safe a tabbatar ya tafasa har ciki. Faifai da murfin kwano sun isa su tare ƙuda da ƙura, muddin ana mayar da su bayan kowane ɗiba. Wanke hannu da sabulu a ƙarƙashin ruwan buta ya fi a tsoma hannuwa duka a kwano ɗaya, musamman da damina lokacin da amai da gudawa yake yawaita.

Da an gama ci a share wurin nan take, kada a bar kwanuka su kwana a waje, saboda ɓera. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, yana yaɗuwa ne ta abincin da fitsari ko kashin wani nau'in ɓera ya taɓa, kuma ya fi tsananta a lokacin rani.

Batun sanyi kuwa, randa ta riga firji zuwa gidajenmu. Ruwan da yake tsattsafowa ta jikinta idan ya bushe yana tafiya da zafi, shi ya sa ruwan cikinta yake yin sanyi. A kan wannan hikima ce Malam Mohammed Bah Abba, wani malami a jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya, wadda ta sa ya sami lambar yabo ta kamfanin agogo na Rolex a shekarar 2000. Ana saka ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin safe da yamma, a rufe bakin da jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye a inuwa inda iska take wucewa. Tumatir, tattasai, alayyafo da goran zoɓo ko kunun aya suna yin sanyi a ciki. Tana aiki sosai da rani da hunturu lokacin da iska take a bushe, da damina kuwa ƙarfinta yana raguwa, kuma ba wurin ajiye ɗanyen nama ba ce.

Tun da kin ambaci hunturu, kaskon gawayin da ake jin ɗumi da shi ko ake gasa tsire a tsakar gida, a can ya kamata ya ƙare. Shigar da shi ɗaki a rufe ƙofa yana tara iskar guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kashe mutum yana barci.

TAMBAYA: Maƙwabcina ya ɗora bene, tagarsa tana kallon tsakar gidana, har iyalina sun daina sakewa a wurin. Mene ne abin yi?
Daga wani mai karatu a Kano.

AMSA: Malam, ka fara da zuwa wurinsa cikin mutunci, domin sau da yawa mai bene bai taɓa tsayawa ya lura da abin da tagarsa take hangowa ba, kuma gilashi maras nuna ciki ko ɗan shinge a jikin tagar ya kashe magana. Idan abin ya faskara sai a sa mai unguwa ko limamin masallacinku a ciki. Ta ɓangarenka kuma, ƙara tsayin katanga ba ya cika yin amfani a kan wanda yake kallo daga sama, sai dai ya toshe muku iska. Ka zauna a inda iyalin suke shimfiɗa tabarma, ka ɗaga kai ka dubi tagar, duk abin da ya shiga tsakanin idonka da ita shi ne zai yi sutura. Galibi rumfar zana ko ragar ƙarfe da aka ɗora wa inabi a wannan kusurwar kaɗai ta isa, sauran filin kuma ya ci gaba da zama a buɗe.