Amsa ga ɗan'uwan da Access ɗinsa ya kusa cika giga 2

Assalamu alaikum. Malam, ka ce fayil ɗin Access (manhajar Microsoft ta adana bayanai) na shagonku na sarin magani ya kai giga 1.7, mutum shida ke shiga lokaci guda, fom sai an yi ta jira kafin ya buɗe, kuma sau biyu ya nuna maka "Unrecognized database format", wato ya kasa gane fayil ɗin. Kana tambaya ko ka raba shi ko ka bar Access gaba ɗaya. Wallahi ina ganin wannan saƙon na Turanci gabana ya faɗi, don na sha shi.

Kafin komai, yau ɗin nan idan an tashi, ka kwafi fayil ɗin a filas da kuma wata kwamfutar daban. Ka duba gefensa, in ƙaramin fayil ɗin nan mai .laccdb yana nan, galibi wani bai rufe ba ke nan, sai ka jira ya fita. Sannan ka yi Compact and Repair, wato matsewa da gyara, a kan kwafin, ba a kan na asali ba. Access ba ya sakin wurin abin da aka goge sai an matse shi, don haka kana iya ganin ya zube sosai. Amma giga 2 iyakar fayil ɗin ce da kansa, ko sabuwar kwamfuta ka sayo a kwali ba abin da zai ƙaru.

Ni a wata makarantar kuɗi abin ya same ni. Na gaji tsarin ne daga wani bawan Allah da ya ɗauki hoton fasfo na kowane ɗalibi da takardar haihuwarsa ya cusa su cikin tebur a matsayin OLE (hanyar cusa wani fayil cikin tebur), wanda shi ne ke kumbura fayil fiye da komai. Ranar Alhamis ta ƙarshen zango na uku, washegari za a raba sakamako, malamai suna ta shigar da maki ta Wi-Fi daga ɗakinsu, aka ɗauke wuta. Batirin UPS ya daɗe da mutuwa. Kafin mai gadi ya tada janareta, kwamfutar da fayil ɗin ke kai ta mutu ana tsakiyar rubutu. Aka kunna, ya ƙi buɗewa. Na matse, ya tafi rabi ya tsaya. Hajiya mai makarantar na tsaye a bayana da carbi a hannu, ba faɗa take ba, kawai jim kaɗan sai ta ce "Malam, ya ake ciki?" Gara ma a ce faɗan ta yi. Gumi ya jiƙa min riga sharkaf, ga fanka na juyawa.

Shi kuwa mutumin da na gaji tsarin daga wurinsa, ashe fom-fom ɗin a .accde, wato kullallen kwafi da ba a iya gyara fom a ciki, ya ba makarantar, ya riƙe na asali a wurinsa, teburan kuma ya sa musu kalmar sirri. Ya taɓa rantse wa Hajiya cewa tsarin yana ajiye kwafi da kansa kullum. Da na duba, a kan faifai ɗaya yake ajiyewa, kuma tun hutun tsakiyar zango ya daina. Na kira shi ya ce yana hanya, sabis ba kyau. Na sake kira aka ce a kashe take. Bayan isha'i ya kira da kansa, muryarsa wasai, wai sai an fara turo kuɗin gyara sannan ya faɗi kalmar. Makin yara fa, yaran da iyayensu suka biya kuɗin makaranta da kyar! Hajiya ta tura. Har yau in na tuna yadda ya yi 'yar dariya kafin ya karanto min ita, sai raina ya ɓaci. Na bar shi da Allah. A ƙarshe sabon fayil na buɗe na jawo teburan ɗaya bayan ɗaya, na maki ya ƙi zuwa, sai da aka taso malamai daga gidajensu suka sake shigarwa daga takardunsu har asuba.

Shi ya sa nake roƙonka, in wani ne ya gina muku, ka karɓi asalin fayil da duk kalmomin sirri tun kuna shiri da shi.

Batun rabawa, eh ka raba, teburan a fayil ɗaya, kowa da kwafin fom a kwamfutarsa. Zai rage nauyi da lalacewa. Sai dai fayil ɗin teburan yana nan da iyakarsa ta giga 2. Microsoft sun rubuta cewa mutum 255 na iya shiga tare, ni dai a aikace da an haura goma nake fara ganin matsala. Ka ja waya zuwa kowace kwamfuta, ka rabu da Wi-Fi. Kada kuma ka kuskura ka ajiye shi a OneDrive ko Dropbox ana aiki a kai. In akwai hotunan rasit a ciki, ka fitar da su zuwa folda, tebur ya riƙe sunan wurin kawai.

Amma a ganina, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shagon da ake cinikin sari kullum ya wuce Access ya riƙe masa bayanai. Ba sai ka zubar da fom-fom ɗinka ba, yaran shago sun saba da su. Teburan kawai za ka ɗauke zuwa SQL Server Express, babbar manhajar adana bayanai ta Microsoft, ka haɗa su da Access ta ODBC, hanyar da manhajojin biyu ke magana da juna. Kyauta ne, na 2019 da na 2022 suna ɗaukar giga 10 a rumbu ɗaya, kuma akwai SSMA na Microsoft, shi ma kyauta, da ke yin jigilar. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar ciniki, SQL Server yana da kundin da yake bi ya warware abin da bai kammala ba, abin da na rasa a daren nan ke nan. Ka tabbata kowane tebur yana da primary key, wato filin da ke bambanta kowane layi da sauran, in ba haka ba zai buɗe amma ba zai bari a gyara komai ba. Ka ƙara masa rowversion (filin da ke canzawa duk lokacin da aka gyara layi), filayen Yes/No kuma kada ka bar su fanko, in ba haka ba za ka riƙa ganin "Write Conflict", saƙon cewa wani ya riga ka gyara layin, alhali kai kaɗai ne a ciki. Express ba shi da Agent, mai gudanar da aiki da kansa a kan lokaci, don haka ajiyar kwafi ta kowane dare sai ka tsara ta da Task Scheduler na Windows, kuma ka riƙa gwada dawo da ita.

Ni yanzu PostgreSQL nake amfani da shi, wata manhajar adana bayanai ce irin SQL Server, kyauta kuma babu wannan katangar, amma yana son mai zama ya koya. MySQL ko MariaDB sun fi dacewa in kuna shirin yin shafin intanet da PHP. Na san wani zai ce maka SQLite. Yana da kyau ƙwarai a waya ko kwamfuta ɗaya, amma mutum ɗaya ke rubutu a lokaci guda, kuma su kansu masu shi sun ja kunne kan ɗora shi a foldar da ake rabawa ta netwok. Excel kuwa kada ma a kawo shi, layi 1,048,576 ne iyakarsa, kuma tun kafin nan wani zai goge maka bashin kwastoma ba tare da an san waye ba. Masu cewa a kai komai intanet su tuna da dala ake biya, kuma ran da sabis ya ɗauke layin masu saye ba zai jira ba.

Ka sayi batirin UPS sabo kafin ma ka taɓa komai. Sannan ka faɗa mana ko kuna da reshe a wani gari, don in akwai, shawarar za ta canza.