Zan iya saka Windows a kan MacBook?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Yayata ta ba ni MacBook, amma manhajar lissafin da muke aiki da ita a Windows kaɗai take tashi. Wani ya ce a goge komai a saka Windows, wani kuma ya ce sam ba ya yiwuwa. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Yauwa 'yar'uwa. Kowannensu yana da ƙamshin gaskiya, sai dai ba irin MacBook ɗaya suke nufi ba. Kafin ki bari wani ya taɓa miki na'ura, danna alamar tuffa da ke kusurwar hagu ta sama, ki shiga About This Mac. Abu ɗaya za ki duba: Intel aka rubuta, ko Apple M1, M2 da 'yan'uwansu?

In Intel ce, aiki ya zo da sauƙi. Tun 2006 Apple ya koma sa firosesar Intel, irin wadda ke cikin kwamfutocin Windows, ya kuma fitar da Boot Camp. Wannan manhaja tana raba ma'adanar kwamfuta gida biyu, macOS, wato tsarin Mac na asali, a ɓangare ɗaya, Windows 10 a ɗayan. Idan kin kunna sai ki riƙe maɓallin Option ki zaɓi wadda kike so. Ana buƙatar fili aƙalla gigabait 64, amma 128 ya fi kwanciyar hankali, don sabuntawar Windows cin wuri gare ta. Kada ki yarda a goge macOS baki ɗaya. Ta cikinta ake sauko da direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke gabatar wa Windows da kibod, lasifika, kyamara da Wi-Fi na Mac. In babu su, Windows za ta tashi, amma kamar baƙon da bai san ƙofar ɗaki ba. Ki kuma sa ran batir zai riƙa ƙarewa da wuri, fanka ta yawaita kuka.

Akwai wani ƙulli a nan. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuwa Windows 11 tana neman wani tsarin tsaro mai suna TPM 2.0 wanda Boot Camp ba ya bayarwa. Ana iya zagaye wannan sharaɗi da dabara, amma ni ba na ba da shawarar hakan ga na'urar da ake riƙe lissafin kuɗi a kanta.

In kuwa M1 ce ko wadda ta biyo bayanta, to mai cewa ba ya yiwuwa shi ya fi kusa. Daga Nuwamba 2020 Apple ya fara sa firosesarsa ta kansa, mai tsarin ARM wanda ya bambanta da na Intel, kuma babu Boot Camp a kanta. Abin da ya rage shi ne a buɗe Windows a cikin taga, kamar kowace manhaja, ta hanyar manhajoji irin su Parallels Desktop, VMware Fusion ko UTM. Windows 11 ta ARM ake sakawa, ita ce ke fassara wa firosesar manhajojin da aka rubuta don Intel. Yawancin manhajojin ofis suna tafiya lafiya lau. Sai dai macOS da Windows za su raba ram, wato ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke aiki da ita a lokacin, don haka gigabait 8 zai matse ki, 16 ne ke da sarari. Lasisin Windows ma daban ake sayensa, mutane kan manta da wannan.

Inda gizo ke saƙar shi ne direbobi, domin su ba a fassara su. Tsohuwar firinta, ko ɗan makullin USB da wasu manhajojin lissafi ke nema kafin su buɗe, suna iya ƙin aiki idan kamfaninsu bai yi direban ARM ba. Saboda haka ki tambayi masu manhajar ko tana aiki a Windows ta ARM. Parallels yana ba da gwajin kwana 14 kyauta, ki saka manhajar a ciki, ki jona firintarki, ki buga takarda ɗaya ki gani. Kafin duk wannan, ki kwafe fayilolinki da Time Machine, manhajar adana kwafi da ke cikin Mac, zuwa wata ma'adana ta waje.