Abin da ƙa'idar lantarki ta tanada kafin a ɗora sola a rufi

Malam, ka ce ka sayi farantan sola shida da inbata da batir, kana son sanin ƙa'idojin tsaro kafin a haɗa maka.

Inda aka fi tafka kuskure shi ne manta cewa wutar farantan DC ce, wato mai tafiya ta fuska ɗaya, ba AC irin ta kamfanin wuta mai kai-da-komo ba. Wutar AC mai 50Hz tana sauka zuwa sifili sau 100 a daƙiƙa ɗaya, shi ya sa tartsatsinta ke mutuwa da wuri. DC kuwa in ta kama, ba ta saki. Kada ka yarda a sa maka birekar AC a layin farantai. Na taɓa buɗe akwatin da aka yi haka, robar ta narke ta yi baƙi ƙirin. Kuma muddin rana na dukan farantan, akwai wuta a wayoyin ko an kashe inbata.

Kan kaurin waya, ƙa'idar Amurka, NEC sashe na 690, ta ce a ninka Isc (yawan wutar da faranti ke turowa in aka haɗa wayoyinsa biyu kai tsaye) da ke rubuce a bayan faranti da 1.25, a sake ninkawa da 1.25, sai a zaɓi wayar da za ta iya ɗaukar abin da aka samu. Duba Voc ma, wato boltejin faranti in ba a jona shi da komai ba, don sanyi na ɗaga shi, kada jimillar Voc na farantan da aka jera ta fi boltejin da inbatar ke iya ɗauka.

A haɗa ƙarafan farantai da sandar da aka kafa a ƙasa, a sa fis daf da batir.

In za ka jona da layin kamfanin wuta, nemi izininsu, kuma ƙwararre mai lasisi ya yi. Dole inbatar ta yanke kanta da zarar an ɗauke wuta, in ba haka ba za ta iya jan ma'aikacin da ke kan falwaya.