Buɗe akwatin ka turo min hoto tukuna

Ɗana, saƙonka ya same ni a hanyar dawowa daga aikin dare, ƙarfe shida na safe, sanyin Liyon na yankan kunne. Ka roƙi in saya maka katin girafik, wato abin da ke sarrafa hoto a cikin kwamfuta, don ka koyi Blender, manhajar zanen 3D, kafin ka nemi makaranta a Faransa, ka kuma ce, "Kawu, kowanne ma ya yi, in dai mai ƙarfi ne." Wannan maganar ce ta sosa min rai.

Shekara uku da suka wuce na yi wa ɗan baffanka irin wannan hidima. Sati biyu ina dakon kwalaye a sito kafin kuɗin su taru, na ba wani mai zuwa Garwa ya kai masa har gida. Ashe kwamfutarsa siririyar nan ce ta ofis da ake kawowa gwanjo, katin kuwa ƙato mai fanka biyu. Murfi ma ya ƙi rufuwa. Ya kai kasuwa ya sayar rabin kuɗi, ni kuwa sai a bakin mahaifiyarka na ji. Har yau abin na ci min tuwo a ƙwarya.

Saboda haka cire wuta, ka kwance sukurorin baya, ka zare murfin gefe. A jikin babban allon da komai ke haɗe a kansa, can ƙasa kusa da bayan akwatin, za ka ga ramukan da ake soka kati. Farare masu kauri PCI ne, tun 1992 suke, katin zamani ba ya shiga cikinsu. In ka ga guda ɗaya mai ruwan ƙasa da ya ɗan ja ciki, AGP ne na wajen 1997, wato kwamfutar ta girme ka, kada mu ɓata sisi a kanta. Abin da nake fata ka gani shi ne PCI Express x16, wanda ya bazu daga 2004: siriri, tsawonsa kusan santimita 9, da ɗan maƙalli a ƙarshensa. Kada launi ya ruɗe ka, kowane kamfani da nasa. Karanta ƙaramin rubutun da ke gefen ramin, ko ka sauke manhajar CPU-Z mai nuna abin da ke cikin kwamfuta, kyauta ce, ka duba shafin Mainboard. Ko PCI Express ɗin samfurin 2.0 ne ko 3.0, sabon kati zai yi aiki a ciki, sai dai gudu ya ɗan ragu.

Inda ake faɗawa rami shi ne wuta. Ramin kansa wat 75 kaɗai yake bayarwa. Katin da ya fi haka cin wuta sai da waya mai baki 6 ko 8 daga akwatin wutar da ke cikin kwamfutar. Siraran nan na ofis yawanci wat ɗari biyu da 'yan kai ne, wayar ma babu. In irinsu ce taka, GT 1030 ko GTX 1650 mai gajeren ƙarfe za mu nema, ba wanda abokanka ke nuna maka a Facebook ba. Ka tuna zafin Garwa a watan Afrilu da ƙurar hunturu da ke toshe fanka, ga wutar da ke zuwa ta ɗauke ba sallama. In kuwa ta tafi-da-gidanka ce, ka manta, yawanci a maƙale katinta yake da babban allon cikinta.

Batun zuwa kuma, Campus France, hukumar da ke kula da masu neman karatu a Faransa, za ka bi, kuma sai ka nuna kana da kuɗin zama na duk wata; a 2024 Yuro 615 ne, sama da sefa 400,000. Hayar ɗaki kaɗai na iya cinye mafi yawansu. An yarda ɗalibi ya yi aikin awa 964 a shekara, amma da irin aikin nan na yi karatuna, ina gyangyaɗi a aji, hannuwa duk kanta. Na gama, alhamdulillahi, sai dai ba zan ce maka da sauƙi ba.

Hoto uku nake jira: na ramukan, na takardar da ke manne jikin akwatin wuta, da na cikin akwatin gaba ɗaya ka aza tef ɗin tela a kai in ga faɗi da tsawo. Ka ɗauka da rana a tsakar gida. Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata maganin ƙafarta na tafe tare da katin.