Koyarwa nake so, mahaifina kuma shago yake so in riƙe

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Lissafi na karanta a jami'a. Kafin a kira mu bautar ƙasa na fara taimaka wa wata sakandare a Rigasa, sai ga shi koyarwa ta shiga raina. Mahaifina kuwa so yake in zauna a shagonsa na yadi a kasuwar Sheikh Gumi, ya ce albashin malami ba ya riƙe gida. Akwai lada a koyar da boko? Albashi yana rage ladan? In na zaɓi aji, na saɓa masa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, koyar da duk ilimin da jama'a ba sa iya rayuwa sai da shi farilla ce ta kifaya, wato in wasu sun yi ta sauka daga kan saura, lissafi kuma yana ciki, don ko gado ba ya rabuwa sai da shi. Imamu Ahmad ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa wasu fursunonin Badar da ba su da kuɗin fansa, Annabi (SAW) ya sanya fansarsu su koya wa 'ya'yan Ansar rubutu. Mushirikai ne, ba addini suka koyar ba, amma aka kimanta aikinsu da fansar wuya.

Albashi halal ne. Saɓanin magabata a kan karɓar kuɗin koyar da Alƙur'ani ne, shi ma Malik da Shafi'i sun halatta, saboda hadisin Bukhari cewa mafi cancantar abin da kuka karɓi lada, wato kuɗin aiki, a kansa shi ne Littafin Allah. To ina ga lissafi? Abin da ke ɓata albashi shi ne malami ya sa hannu a rajista da safe, ya bar yara sittin suna kallon allo fayau, shi yana gindin bishiya yana hira. Wannan ya ci haram gwargwadon lokacin da ya sace, kuma wallahi yana ci mini rai.

Sai dai so daban, iyawa daban. A 2017 gwamnatin jihar nan ta Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa, sama da 21,000 ba su ci ba. Bai halatta mutum ya karɓi amanar 'ya'yan mutane bai ƙware ba. Tunda kana da digiri, ka nemi PGDE, wato difilomar koyarwa ta masu digiri, ga Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, NTI, nan kan hanyar Zariya, sannan ka yi rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa.

Batun mahaifinka shi ne mai nauyi. Zaɓen sana'a ta halal haƙƙinka ne, ba ya zama saɓa wa iyaye, matuƙar bai cutu ba. Amma in ya tsufa, shagon ne abincin gidan, kuma babu wani mai riƙewa sai kai, to kula da shi farillar ainihi ce a kanka, ta gabaci ta kifaya. Kuma maganarsa kan albashi ba ƙarya ba ce, kada ka yi masa gardama. Ka samu baffanka ko limamin unguwarku ya raka ka, ka ce masa: "Baba, in an tashi makaranta ƙarfe biyu zan wuce shago, Asabar kuma yini zan yi, lissafin kaya ma ni zan riƙe." Ka yi zango ɗaya a haka ya gani da idonsa, sannan ka sake neman albarkarsa.

Wallahu a'alam.